Tabar Kuba a Zangon Salaga

Ƙanena da ke aiki a Jamus ya zo mana Salaga da tsaraba: taba guda ɗaya, mai kaurin babban yatsa, tsawonta ya kusa taƙi. Babu takarda a jikinta, ganye ne zalla da aka naɗe da hannu a Kuba. Ya ce, "Yaya, wannan ba ta da zafi. Ba a haɗiye hayaƙin, a baki ake juya shi."

Bayan isha'i muka laɓe a bayan gida. Dokar lafiya ta Gana ta 2012 ta hana shan taba a bainar jama'a, amma kunyar zango ta fi dokar ƙarfi. Gaskiya akwai ƙamshi, kamar na itace da gahawa, kuma awa guda ta wuce ba ta ƙare ba.

Taba dai ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakata a Yendi da furenta take rina haƙora, ta haɗa da goro. Kawuna a Bawku garinta yake shaƙa. Sai dai sanyin wannan shi ne yaudararta. Babba ɗaya tana iya ɗauke da ganyen kwalin sigari guda, kuma kansar baki da maƙogwaro ba ruwanta da tsada.

Da asuba Baba ya ji warin a rigata. Bai ce uffan ba. Goro kawai ya miƙo mini, irin wanda ya kawo kakanninmu fatake Gwanja. Na karɓa da hannu biyu, kaina a ƙasa.