Koci OBJ: Darasin da filin Samaru ya ajiye wa 'yan ƙwallon Chikaji

Duk wanda ya biyo ta Chikaji bayan Sallar La'asar ba sai ya tambayi inda matasa suke ba, ƙura da ihu za su kai shi. A kowane fili da ya rage ba a yi gini ba, za ka tarar an ajiye duwatsu biyu a matsayin raga, yara suna bin tamola, wannan da rigar Barcelona, wancan da ta Chelsea, wani kuwa ko takalmi babu. Mu ma a nan muka tashi, a nan muka sha faɗuwa da targaɗe kafin Allah Ya sa muka samu gurbin karatu a jami'a.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan batu a wannan mako shi ne wata magana da ta taso a gidanmu. Ƙaninmu da ke aji biyu na babbar sakandare ya wayi gari ya ce shi da boko sun yi hannun riga. Wai wani mutum da ya ga wasansa ya ce yana da hanyar kai shi gwaji ƙasar waje, abin da ya rage kawai kuɗin fasfo da biza da na jirgi. Da Baba ya tambaye shi, "To jarrabawar WAEC fa?" sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai ƙwallo ba ta tambayar takarda." Baba ya yi shiru, can ya juyo gare mu ya ce, "Ku da kuke jami'a, sai ku ba shi amsa."

Amsar da muka ba shi ba daga nesa muka ɗauko ta ba. Tana nan Samaru, tafiyar mota ɗaya ta Kwangila da Palladan, a cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. Labari ne na wani koci da wani yaron Zariya da shi ma da ƙwallon ƙafa ya fara.

Wane ne Koci OBJ?

Sunansa Oliver B. Johnson, amma a Zariya da sauran sassan Najeriya an fi saninsa da Koci OBJ. Baƙar fatar Amurka ne da ya zo ƙasar nan ya mayar da Zariya gida, ya shafe shekaru gommai yana horar da ƙwallon kwando a Jami'ar Ahmadu Bello. A zamanin da wasu mutane suke fafutukar barin Najeriya su tafi Amurka, shi ya baro can ya zo ya zauna a cikin zafin bazara da hunturun Samaru yana koya wa yara riƙe ƙwallo.

Duk mai bin ƙwallon kwando a Najeriya ya san cewa idan ana lissafa garuruwan da wasan ya yi saiwa, sai an ambaci Zariya, kuma idan aka ambaci Zariya sai an ambaci sunan wannan koci. Tawagar jami'a ta zama abin kwatance a wasan, filinta kuma ya zama wurin da 'yan wasa suke ƙyanƙyashewa su bazu cikin ƙungiyoyin ƙasar nan da na waje. Wani abin lura shi ne, horon nasa bai tsaya kan ɗaliban jami'a kaɗai ba. Yaran gari da ba su ko gama sakandare ba sun samu wurin koyo a hannunsa. Ɗaya daga cikin irin waɗannan yara shi ne Masai Ujiri.

Yaron da ya bar tamola

An haifi Masai Ujiri a garin Bournemouth na ƙasar Ingila a 1970, iyayensa suka dawo da shi Najeriya yana ƙarami, ya tashi a Zariya. Mahaifiyarsa likita ce 'yar asalin Kenya, mahaifinsa ɗan Najeriya ne ma'aikacin asibiti. Kamar kowane yaron Zariya, ƙwallon ƙafa ya fara bugawa. Sai da ya kai shekara 13 sannan ya koma ƙwallon kwando, inda ya shiga hannun Koci OBJ. A lokacin babu intanet babu wayar hannu. Da mujallun wasanni na Amurka da kaset-kaset na bidiyo yake ganin 'yan wasan NBA, gwaninsa kuwa shi ne Hakeem Olajuwon, ɗan Legas wanda shi ma mai tsaron raga ne a ƙwallon ƙafa kafin ya koma kwando, ya shiga NBA ta hanyar Jami'ar Houston a 1984, ya kuma ci kofi sau biyu, a 1994 da 1995.

Ga inda muke so ƙannenmu su buɗe kunne. Ta ƙofar makaranta Masai ya shiga Amurka. Ya yi karatu ya kuma buga wasa a Kwalejin Bismarck da ke jihar Dakota ta Arewa, daga baya ya je Turai ya yi wasu shekaru yana bugawa a ƙananan ƙungiyoyi. Bai taɓa buga ko wasa ɗaya a NBA ba. Idan da ƙafa da hannu kawai ya dogara, da labarinsa ya ƙare a nan.

Da ya ajiye wasa a 2002, sai ya karɓi aikin nemo wa ƙungiyar Orlando Magic 'yan wasa ba tare da albashi ba, yana biyan kuɗin tafiye-tafiyensa da aljihunsa. Daga nan Denver Nuggets ta ɗauke shi aiki na albashi, ya wuce Toronto Raptors ta ƙasar Kanada, sannan a 2010 Denver ta dawo da shi ta damƙa masa ragamar harkokin wasanta baki ɗaya. A 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyin NBA na shekara, a shekarar kuma ya koma Toronto. A watan Yunin 2019 ƙungiyar da ya haɗa ta doke Golden State Warriors da wasa 4 da 2 ta ɗauki kofin NBA, karo na farko da kofin ya fita daga Amurka.

Aikin da ya kai shi can aiki ne na rubuta rahoto, da lissafin kuɗi, da karanta kwantiragi, da iya zama da masu kuɗi a yi ciniki. Duk waɗannan a aji ake kafa tubalinsu. Abin da fili ya ba shi kuwa shi ne idon gane ɗan wasa, da horo, da juriya.

Bai kuma manta mafari ba. Tun a 2003 ya kafa gidauniyar Giants of Africa, wadda ta fara da sansanonin horar da yara a Najeriya, ta yaɗu zuwa ƙasashen Afirka da dama, maza da mata, ta kuma ɗauki alƙawarin gina filayen ƙwallon kwando 100 a nahiyar. Ya sha ambaton Koci OBJ a matsayin wanda ya ɗora shi a hanya. Duk yaron da ya amfana da waɗannan sansanoni, jikan filin Samaru ne ko da bai taɓa taka Zariya ba.

"Ai wannan kwando ne, Yaya"

Haka ƙaninmu ya ce da muka kai nan. Wato a ganinsa ƙwallon ƙafa daban take. Sai muka koma tarihin ƙwallon ƙafar Najeriya da kanta.

A tawagar Green Eagles da ta fara ci wa Najeriya kofin Afirka a 1980, akwai Segun Odegbami wanda ya karanta injiniyanci a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ibadan, akwai Adokiye Amiesimaka wanda ya karanta shari'a a Jami'ar Legas. Marigayi Stephen Keshi, wanda ya ɗaga kofin Afirka yana kyaftin a 1994 ya sake ɗaga shi yana koci a 2013, daga Kwalejin St. Finbarr's ta Legas ya fito, makarantar da Henry Nwosu ma ya yi. Shugabanta na farko, Fada Denis Slattery, ya yi suna wajen haɗa ƙwallo da karatu da tarbiyya a wuri guda. A wancan zamani gasar makarantun sakandare ce kasuwar da manyan ƙungiyoyi suke zuwa cefanen 'yan wasa.

Mun haddace sunayen kociyoyin da suka ci mana kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar: Sebastian Brodericks a 1985, Fanny Amun a 1993, Yemi Tella a 2007, Manu Garba a 2013, da Emmanuel Amunike a 2015. Sun cancanci yabo. Sai dai kafin yaro ya isa hannunsu, akwai wani malamin wasanni ko kocin unguwa da ya sha rana da shi shekara da shekaru, wanda ba a nuna shi a talabijin ranar da aka ɗaga kofi. Irin wannan gurbi Koci OBJ ya riƙe a nasa wasan, kuma abin da ya bambanta shi shi ne daɗewa a wuri ɗaya har bishiyar ta yi 'ya'ya.

Yadda tsarin yake a can da nan

A Amurka, makaranta ce take ɗaukar koci aiki. Ɗan wasan kwaleji dole ne ya zama ɗalibi mai rajista, kuma idan makinsa ya faɗi ƙasa da yadda aka ƙayyade, sai ya koma benci komai gwanintarsa. Yaron Najeriya da ke neman tallafin karatu ta hanyar wasa sai ya gabatar da sakamakon kammala sakandare kafin a saurare shi. Hukumar wasannin kwalejojin ƙasar, NCAA, da bakinta take cewa waɗanda suke zama ƙwararrun 'yan wasa a cikin ɗalibanta ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Sauran da takardar digiri suke neman abinci.

A ɓangaren ƙwallon ƙafa kuma, dokar FIFA ta hana sayar da ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba daga wata ƙasa zuwa wata, in ban da wasu 'yan dalilai ƙalilan da aka keɓe. Don haka duk wanda ya ce wa yaro ɗan shekara 16 a Chikaji ya kawo kuɗi zai sanya masa hannu a Turai gobe, to a bincike shi da kyau.

A nan gida ma ƙofar makaranta ba a rufe take ba. Gasar wasannin jami'o'i ta NUGA tana gudana tun 1966. A 2018 kuma aka fara gasar ƙwallon ƙafa ta manyan makarantu, HiFL, inda tawagar jami'armu take amsa sunan ABU Nobles. Ba a shiga ko ɗaya daga cikinsu sai da katin shaidar ɗalibi.

Abin da ya rage mana

Gaskiyar magana, ba mu riƙe wannan gado yadda ya kamata ba. A makarantu da yawa wasanni sun koma bikin rana ɗaya a shekara, a yi maci a raba kofuna a watse. Wasu makarantun kuɗi a cikin gida mai ɗaki shida suke, babu ko inda za a buga 'yar carafke. Filayen unguwa kuma kullum raguwa suke yi.

Muna kira ga shugabannin makarantun Sabon Gari da Samaru su dawo da gasa tsakanin makarantu a kowane zango, su kuma ba malamin wasanni daraja irin ta malamin lissafi. Muna kira ga Ƙaramar Hukumar Sabon Gari ta killace 'yan filayen da suka rage. Ga kociyoyin unguwa kuwa, waɗanda da yawansu da kuɗin aljihunsu suke sayen ƙwallo, roƙonmu ɗaya ne: ku riƙa tambayar yaranku sakamakon jarrabawa kafin ku ba su riga. Maganar da yaro zai ƙi ji daga bakin mahaifinsa, sau da yawa yakan ji ta daga bakin koci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu kuma ɗaliban jami'a da muka fito daga waɗannan unguwanni, muna da namu kason. Kai ƙaninka ko ƙanwarka cikin jami'a ranar Asabar su ga fili da ɗakin karatu a harabar gida ɗaya ba ya cin fiye da kuɗin mota.

Haka muka yi da namu ƙanin. Mun kai shi Samaru ya zauna a gefen fili yana kallon atisaye har rana ta yi sanyi, ya ga wasu suna ajiye jakar littattafai su ɗaura takalmi. A hanyar dawowa bai ce komai ba. Da muka iso gida, Baba ya ce a kira mutumin nan a ce ya kawo takardar gayyata daga ƙungiyar da za ta yi gwajin, mai ɗauke da suna da adireshi, kafin a yi maganar kuɗi. An yi haka. Yau mako uku ke nan wayarsa ba ta shiga.

Ƙaninmu bai daina ƙwallo ba, mu ma ba mu ce ya daina ba. Har yanzu yana cewa sai ya buga wa Super Eagles, muna kuma cewa Allah Ya nuna mana. Amma ranar Litinin da ta wuce da kansa ya goge kayan makaranta, ya kuma tambaye mu ko muna da tsofaffin takardun tambayoyin WAEC na lissafi.