Shin ƙirƙirarriyar basira na fahimtar magana, ko hasashe take yi?

Tun daga Nuwamban 2022, lokacin da kamfanin OpenAI ya fitar da ChatGPT, manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka fara shiga wayoyin matasa, har a Ikara da Makarfi da Kudan. Amsoshinsu kan fito tsaf kamar daga bakin masani, sai dai hanyar da suke bi ta sha bamban da ta ɗan Adam.

Ginshiƙinsu wani tsari ne mai suna Transformer, wanda masu bincike a Google suka bayyana a 2017. Ana horar da shi da ɗimbin rubuce-rubuce har ya ƙware wajen hasashen kalmar da za ta biyo baya. Yakan mayar da kalmomi jerin lambobi, sannan ya auna alaƙar kowacce da maƙwabtanta.

Kalmar "fari" ta isa misali, domin rubutun boko ba ya nuna karin sauti. Idan aka rubuta "fari ya ƙona rake a Makarfi", manhaja kan gane rashin ruwa ake nufi, ba launi ba, saboda "ƙona" da "rake" da ke kusa. Manomi kuwa ya san fari ne daga busasshiyar gonarsa. Wannan gibin ya sa masana ke saɓani kan ko ya dace a kira aikin manhajar fahimta. Sababbin manhajojin kan warware matsala daki-daki kafin su amsa, abin da ya inganta lissafinsu, amma bai raba su da kuskure ba.

Haɗarin ya fi girma inda rubutu ya yi ƙaranci. Hausa ba ta kama ƙafar Ingilishi ba a intanet, labaran ƙananan hukumomi kuma sun fi ƙaranci. Idan aka tambayi manhaja wanda ya gina wani asibiti a mazaɓar Makarfi/Kudan, tana iya ƙago suna da shekara ba tare da ɗar ba, domin an horar da ita ne ta samar da jimlar da ta yi kama da gaskiya.

Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, irin wannan amsa na iya yawo a WhatsApp a matsayin hujja, ta wanke ɗan siyasa ko ta shafa masa kashin kaji. Kafin a yaɗa ta, wajibi ne a gwada ta da takardar kasafin kuɗi da shaidar mutanen garin.