Muhawarar da Ba a Fitar da Gwani

Muhawarar da muka saba gani a makarantunmu gasar baki ce kawai. Yaro ya haddace abin da malami ya rubuta masa, ya gaida alƙalai, ya zuba kamar rediyo, a tafa masa. Ka tare shi bayan an tashi ka ce, "Kai me ya sa ka yarda da haka?" sai ya hau sosa ƙeya.

Darasin muhalli wata irin gardama yake buƙata. Ga madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, ga ta Challawa ta 1992. Malam ya raba aji gida biyu. Waɗannan su tsaya wa manoman rani na Kura da Kadawa, masu shayar da tumatir da shinkafa da ruwan Tiga. Waɗancan su tsaya wa masunta da makiyaya na fadamar Haɗeja zuwa Nguru, inda ambaliyar da ke ciyar da ƙasa ta sauya bayan gina madatsun, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Kowa da gaskiyarsa.

Sai an ɗau zafi, malam ya ce a yi musayar ɓangare. To, nan ake yin ta. Yarinyar da ta gama rantsuwa cewa madatsa alheri ce zalla, yanzu ita za ta tono raunin hujjarta. Tana tonowa za ta tarar rabin abin da ta faɗa ba karanta shi ta yi ba, a bakin kawunta mai gonar tumatir ta ji. Ba laifi ba ne, amma gara ta san daga inda ta ɗebo.

Wannan bibiyar da mutum ke yi wa tunaninsa, ya raba abin da ya sani da abin da yake zato, ita ce John Flavell, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, ya fito da ita fili a shekarun 1970.

Na san malaminmu zai ce ɗalibai tamanin gare shi, ga manhaja na jira. Minti goma na ƙarshe sun isa. Kowa ya yagi takarda ya rubuta hujjar abokin hamayya da ta fi girgiza shi, da abin da zai so ya gani da idonsa a Nguru kafin ya sauya ra'ayi. Malam ya tattara, kada ya ba da maki, ya ajiye sai ƙarshen zango ya mayar wa kowa tasa.