Sharhi: Yadda siyasar masarautun Larabawa ke isa gonakin citta a kudancin Kaduna

Tazarar da ke tsakanin Kafanchan da Riyadh ko Dubai ta kai dubban kilomitoci, amma shawarar da ake yankewa a fadojin waɗannan birane na taɓa aljihun manomin citta a Jema'a, Kachia, Jaba da Kagarko. Hanyoyin da abin ke bi guda uku ne: farashin ɗanyen mai, kasuwar citta, da kuma taki.

Su wane ne waɗannan masarautu?

Ƙasashe shida ne: Saudiyya, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Qatar, Kuwait, Bahrain da Oman. A 1981 suka kafa majalisar haɗin gwiwa ta yankin Gulf, a daidai lokacin da Iran da Iraƙi ke gwabza yaƙi a maƙwabtansu.

Tun ganawar da Sarki Abdul'aziz na Saudiyya ya yi da Shugaba Roosevelt a 1945, tsarin ya kasance ban gishiri in ba ka manda: Larabawa su samar da mai, Amurka ta samar da tsaro. Shi ya sa rundunar sojin ruwan Amurka ta biyar take da hedikwata a Bahrain, Qatar kuma take ɗauke da sansanin Al Udeid.

Sai dai masarautun sun daina jingina da bango ɗaya. China ta zama babbar mai sayen man Saudiyya, kuma a Beijing aka sulhunta Saudiyya da Iran a Maris 2023. Da Rasha suke tsara yawan man da za a fitar a ƙarƙashin OPEC+ tun 2016. A Oktoba 2022 ƙungiyar ta rage ganga miliyan 2 a kowace rana, duk da rashin jin daɗin gwamnatin Joe Biden.

A tsakaninsu ma akwai 'yar tsama. A Yuni 2017 Saudiyya, Daular Larabawa, Bahrain da Masar suka yanke hulɗa da Qatar, ba a kuma sasanta ba sai a taron AlUla na Janairu 2021.

Farashin mai da kason wata-wata

A Maris 2020 Saudiyya da Rasha suka kasa daidaitawa kan rage haƙo mai, sai Riyadh ta malalo shi kasuwa a lokacin da annobar korona ta durƙusar da buƙata. Gangar Brent ta faɗo ƙasa da dala 20 a watan Afrilu. Najeriya, wadda ta gina kasafin shekarar a kan dala 57, ta mayar da ma'aunin dala 28.

Ƙaramar hukuma irin Jema'a ta dogara ne kacokan a kan kason da take samu daga asusun tarayya. Idan kuɗin mai ya ragu, kason ya ragu. Daga nan albashin malaman firamare, gyaran hanyar kai amfanin gona kasuwa da maganin ɗakin shan magani su shiga layin jira. Taƙaddamar da aka yi a Vienna ta ƙare ke nan a teburin ma'ajin ƙaramar hukuma.

Citta, biza da jiragen sama

Kudancin Kaduna ne cibiyar noman citta a Najeriya, kuma Dubai na cikin manyan mashigun da busasshiyar citta ke bi zuwa kasuwannin Larabawa da Asiya. Cinikin na buƙatar ɗan kasuwa ya je da ƙafarsa, ya nuna samfuri, ya ƙulla amana da mai saye.

A ƙarshen 2022 wannan ƙofa ta ƙuntata. Daular Larabawa ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza, kamfanin Emirates kuma ya janye jiragensa saboda kuɗaɗensa da suka maƙale a ƙasar nan. Shugaba Bola Tinubu ya je Abu Dhabi a Satumba 2023 kan batun, amma sai a Yuli 2024 aka ci gaba da bayar da biza, jiragen kuma suka dawo Legas a ranar 1 ga Oktoba 2024. A tsakiyar wannan tsaiko ne annobar ruɓewar citta ta 2023 ta cinye gonaki a yankin, manoma suka yi asarar amfani da iri a lokaci guda.

Batun taki

Qatar da Saudiyya na cikin manyan masu fitar da takin yuriya a duniya, kuma kaso mai yawa na bi ta mashigar Hormuz, inda kusan kashi ɗaya cikin biyar na man duniya ke wucewa. Ko da yake Dangote da Indorama na sarrafa yuriya a gida, farashinsa na bin na kasuwar duniya. Duk wata hatsaniya tsakanin Iran da Amurka a mashigar na iya ƙara kuɗin buhu kafin damina.

Abin da ya rage wa Najeriya

Gogayyar tana da amfaninta. Masarautun na rige-rigen neman gindin zama a Afirka, kamar yadda taron Saudiyya da Afirka na Nuwamba 2023 ya nuna, kuma ƙasashe ne da ke shigo da mafi yawan abincinsu daga waje. Najeriya ba ta ɗauki ɓangare a rikicin Qatar ba, abin da ya bar mata ƙofa a buɗe a Riyadh, Doha da Abu Dhabi.

Ribar wannan matsayi ba za ta isa Kafanchan ba sai an haɗa ta da aikin gida: ingantaccen iri mai jure cuta, masana'antun sarrafa citta a kusa da gonaki, da takardun shaidar inganci da kasuwannin waje ke nema. Idan jakadu suka sanya citta a teburin tattaunawa kamar yadda suke sanya mai da kujerun aikin Hajji, manomin kudancin Kaduna zai ga amfanin ziyarce-ziyarcen a farashin buhunsa.