Abin Da Ya Kamata Ku Sani Game Da Harbin Zuma Da Rina

Manomin shinkafa a fadamun Malanville, ko ɗan dakon da ke sauke albasa a kasuwarta, kusa da gadar da ke tsallaka kogi zuwa Gaya, da wuya a ce zuma ko rina ba su taɓa harbinsa ba. Kafin ya ankara wurin ya yi ja, ya kumbura, ƙaiƙayi ya taso. Yawancin wannan aikin jikinsa ne da kansa.

A ƙarƙashin fatarmu akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira mast, waɗanda masanin Jamus Paul Ehrlich ya bayyana a 1878. Cike suke da ƙananan jakunkuna masu ɗauke da sinadarin histamin. Idan jakunkunan suka zubar da shi, ƙananan jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsattsafo cikin nama, jijiyoyin ji su ɗauki ƙaiƙayi.

To, me ke kwance bakin jakar? Ƙananan sinadarai ne da ake kira feptayid, wato gajerun sarƙoƙin amino asid. A dafin zuma akwai melitin mai amino asid 26, wanda ya kai kusan rabin busasshen dafin, yana huda bangon ƙwayar. A dafin rina kuwa akwai mastofaran mai 14 kacal. A 2015 masana a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka nuna wata ƙofa a jikin ƙwayar, MRGPRX2, wadda irin waɗannan feptayid da wasu magunguna ke taɓawa kai tsaye. Shi ya sa ko a harbin farko mutum ke kumbura.

Borin jini mai tsanani hanyarsa daban ce. A wasu mutane, jikin da ya taɓa haɗuwa da dafin yakan riƙe shi a matsayin abokin gaba, sai a harbi na gaba histamin ya ɓarke ko'ina lokaci guda.

Idan zuma ta harbe ku, ku cire ƙarin da ta bari nan take, ku wanke wurin, ku ɗora abu mai sanyi. Magani irin Piriton na rage ƙaiƙayi. Amma in leɓe ko harshe ya kumbura, numfashi ya yi nauyi, ko jiri ya kama, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A garzaya asibiti, domin allurar adirenalin ce ke ceton rai a wannan hali.