Uwe Seeler: Ɗan Wasan da Ya Ƙi Barin Hamburg

A 1961 Helenio Herrera, kocin Inter Milan, ya tako da ƙafarsa har Hamburg domin ɗan wasa ɗaya. An ce kuɗin da ya ajiye a gabansa sun haura mak miliyan guda, a zamanin da ƙwallo a Jamus ta Yamma ba ta gama zama sana'a ba. Uwe Seeler ya saurara, ya yi godiya, ya ce shi yana nan gida. Ya ci gaba da buga wa Hamburger SV, yana kuma zagaya gari gari da mota a matsayin wakilin kamfanin Adidas.

Ni dai wannan ƙin ya fi burge ni fiye da duk ƙwallayensa. An haife shi a 1936, mahaifinsa lebura ne a tashar jiragen ruwa, kuma yana ɗan shekara 6 aka yi wa birninsu ruwan bama-bamai. Wanda ya tashi cikin kangaye ya san darajar kuɗi sarai.

Gajere ne, kakkaura, amma wajen sa kai sai dogaye su koma 'yan kallo. Da aka kafa Bundesliga a 1963, shi ya fara zama gwarzon cin ƙwallo, da guda 30. A 1965 agararsa ta tsinke, ciwon da a lokacin kan raba ɗan wasa da fili har abada. Kafin shekarar ta fita ya dawo da takalmi na musamman, ya ci Sweden ƙwallon da ta buɗe wa ƙasarsa hanyar zuwa gasar kofin duniya ta 1966.

Sai kuma León ta Meziko, a gasar kofin duniya ta 1970. Ingila na gaban Jamus ta Yamma da ci 2 da 1, lokaci na ƙurewa. Aka ɗago ƙwallo, Seeler ya ba raga baya, ya tare ta da ƙeya, ta haye kan mai tsaron gida Peter Bonetti ta faɗa ciki. Gerd Müller ya ƙarasa aikin a ƙarin lokaci.

Kofin duniya kuwa bai taɓa ɗagawa ba. Ya fara buga wa ƙasa watanni kaɗan bayan ta ɗauki kofin a 1954, ya ajiye a 1970, saura shekara 4 a sake ɗauka. Tsakani ya je gasa 4, kowace ya ci ƙwallo, kuma shi ne kyaftin ranar da Ingila ta doke su 4 da 2 a Wembley. Ya rasu a 2022.