BAƘIN DA KE ZAUNE CIKIN JIKIN SHINKAFA

Ya ku manoma da dagatai, galibinmu in mun ji an ambaci ƙwayoyin da ido ba ya gani, sai mu tuna da cuta. To, ku sani ba dukansu ne mugaye ba. Akwai waɗansu ƙananan halittu cikin ƙasar gona, ana ce da su bakteriya, waɗanda in an jera 1,000 daga cikinsu tsawonsu bai fi ƙwayar gero guda ba. Sai da madubin likita a ke ganinsu. Waɗansunsu shiga su ke yi har cikin jikin shinkafa su zauna, ba su cuce ta ba, sai ma amfani da su ke yi mata.

Ga yadda su ke shiga. Saiwar shinkafa kullum tana tsattsafar da wani ruwa mai zaƙi-zaƙi cikin ƙasa. Wannan ruwa shi ke kiran ƙwayoyin, su yi iyo su zo su manne a bayan saiwa, su hayayyafa. Sa'an nan su nemi ƙofa. Duk inda ƙaramar saiwa ta ɓullo daga jikin babba, sai ta tsaga fatar uwar ta bar 'yar kafa, to, nan ce babbar ƙofarsu. Waɗansu kuwa ta kusa da bakin saiwa su ke bi, inda fata ba ta riga ta yi ƙwari ba. In ka tumɓuke shinkafa ka yanka saiwarta, ka ga cikinta sako-sako kamar soso. Waɗannan ramummuka su ne hanyar da iska ke bi daga ganye zuwa saiwa, shi ya sa shinkafa ke rayuwa cikin ruwan da zai kashe dawa. A cikinsu baƙin nan ke samun masauki, har waɗansu su hau su kai kara da ganye.

Abin lura shi ne, shinkafa ba ta yi musu ɗaki kamar yadda wake da gyaɗa ke yi. Kowa ya san 'yan ƙullutun nan na saiwar gyaɗa. Tun 1888 masana suka tabbatar ƙwayoyi ne a ciki, suna kama sinadarin naitirojin daga iska suna mai da shi abincin shuka, watau irin abin da mu ke saye cikin buhun yuriya. Shinkafa ba ta da ƙullutu, don haka abin da baƙinta ke kama mata daga iska kaɗan ne. Babban aikinsu shi ne fid da waɗansu sinadarai masu sa saiwa ta yi yawa ta yi rassa, ta iya jawo abinci da ruwa daga nesa.

A ƙasar Masar aka ga wannan sarai. Manoman bakin Kogin Nilu tun kaka da kakanni su kan shuka wata ciyawar dabbobi dangin wake, mai suna barsim, lokacin sanyi, in sun yanke su dasa shinkafa a wurin. A 1997 Yusuf Yanni na Masar da Frank Dazzo na Amurka suka bayyana cewa ƙwayoyin da ke cikin ƙullutun barsim su ne kuma a ke samu cikin saiwar shinkafar da ta biyo baya, kuma da aka sa su ga shinkafa sai amfanin gona ya ƙaru. Manoman can sun daɗe suna cin moriyar abin, dalilinsa ne kaɗai ba su sani ba. Nan Afirka ta Yamma ma, a shekarar 2000, an sami irin waɗannan ƙwayoyi cikin shinkafar daji ta Sanagal da Gini.

Saboda haka duk wanda ya zo kasuwa da kwalba ko ƙunshi ya ce in kun zuba maganinsa kun rabu da taki har abada, kada ku ba shi kuɗinku. Ƙwayoyin nan taimako su ke yi wa taki, ba su maye gurbinsa. Wanda ya dogara gare su kaɗai, ganyen shinkafarsa zai yi ɗorawa, zangarniya ta fito ƙanana.

Abin da manomi zai yi ba mai tsada ba ne. Inda fadama ke tsanewa da rani, a shuka wake ko waken soya bayan an yanke shinkafa, a bar saiwoyinsu su ruɓe cikin ƙasa. A riƙa kai takin dabbobi da ya ruɓe sosai, gama shi ne abincin ƙananan halittun ƙasa. Tattakar shinkafa kuwa a daina cinna mata wuta, a binne ta ko a ba dabbobi su mayar da ita taki. In malamin gona ya kawo muku garin ƙwayoyin na gaskiya, ku ajiye shi a inuwa, ku gauraya da iri ranar shuka, domin masu rai ne, zafin rana yana kashe su. Dagatai su ware ɗan fili, rabi da garin rabi babu, a auna da kwano ranar sussuka a gaban jama'a.